Butar da Ta Ƙi Raguwa

Mahaifinmu tela ne, Allah ya jiƙansa. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana taka keke a wata rumfa cikin kasuwar Sabon Gari, yana ɗinka manyan riguna da kaftani. Duk wanda ya san shi ya san shi da abu biyu. Ba ya saɓa alkawarin ɗinki, wanda a wurin tela wannan kaɗai ya isa a yi masa kirari. Sannan ba ya wasa da tsarki. Na biyun nan mu 'ya'yansa muka fi kowa shan wuyarsa.

A rumfarsa akwai wata ƙusa da ba a rataya mata komai sai wandon salla. In an kira salla sai ya shige bayan labule ya tuɓe na aiki ya sa wancan, don a cewarsa wandon da ya wuni a kasuwa ba ka san abin da ya fantsar masa ba. Butarsa ta ƙarfe ce, ba ya yarda wani ya taɓa ta. A masallacin unguwa kuwa wurinsa sananne ne, sahun gaba, dama da liman kaɗan, har yara sun san ba a shimfiɗa darduma a nan.

A gida, in muna alwala, sai ya ja kujera 'yar tsugune ya zauna yana kallo. Ba fuska yake dubawa ba, ba hannu ba. Dunduniya. Zai bari sai na gama, na miƙe, na yarfe hannu, na ɗauki hijabi, sannan in ji ya ce a hankali, "Dunduniyan hagu." Dole in koma in tsuguna. Ni na fi kowa shan wannan, don tun ina ƙarama gaggawa ce da ni, ga baki kamar reza. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kama sunana, sai dai ya ce Uwata, amma hakan bai taɓa sa ya ɗaga mini ƙafa ba. Na tuna wata rana na ce masa, "Baba, wai Allah har dunduniya yake leƙawa?" Bai dake ni ba. Cewa ya yi, "Shi ya yi ta ai. Koma."

Shekarar da ciwon ya zo ina da aure a Samaru, da 'ya'ya huɗu, ina koyarwa a wata firamare. Yayyena maza biyu suna kudu wurin neman abinci, sai dai waya. Don haka ni Inna ta kira da hantsi, ina cikin aji, ta ce in zo, Babanmu tun jiya fitsari ya ƙi fita, yana ta murƙususu ya hana a gaya wa kowa. Na bar alli a kan tebur na tari keke mai ƙafa uku. Muka kai shi asibitin Shika. Likita ya ce ciwon nan ne da ke kama maza in shekaru sun ja, aiki za a yi, amma ba yanzu ba, sai hawan jininsa ya sauka, wataƙila wata uku, wataƙila fiye. Kafin nan aka sa masa roba, da wata jaka da fitsarin ke taruwa a ciki. Ya sami sauƙi nan take. Na ga fuskarsa ta saki, na yi hamdala. Bayan kwana huɗu aka sallame mu.

Ni a lissafina magana ta ƙare. Kullum in na tashi daga makaranta sai in biya Sabon Gari kafin in koma gida, in kai masa kunu ko farfesu. Ya daina zuwa masallaci, amma wannan bai dame ni ba, mara lafiya ne. In an kira salla yakan ce a janyo masa ƙofa, mu kuwa sai mu janyo, mu rage murya.

Ran nan na tarar da Inna a madafa tana tsince shinkafa. Na gaishe ta, ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Inna ba mai magana kai tsaye ba ce, in abu ya dame ta sai ta bi ta bayan gida da shi. Can ta ce, "Ke, butan nan na Malam ba ya raguwa."

Na ce, "Wace buta?"

"Nashi mana. Da asuba ni nake cikawa in ajiye mishi a bakin ƙofa. Da magariba in na ɗaga, yadda na ajiye haka nake samu."

Na ce wataƙila taimama yake yi. Ta ce dutsen taimamar yana kan taga, har gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Sai ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Wallahi da cewa ta yi Baba ya fara sata da zan fi saurin yarda. Mutumin da ban taɓa ganin ya sha azumi ba. Mutumin da ya yi shekara tara yana tara kuɗin ɗinki har ya sauke farali. Mutumin da ranar da aka yi gobara a layinsu sai da ya sallame la'asar sannan ya tafi duba rumfarsa. Na ce wa Inna ta daina zargi. Amma da aka kira azahar, ya ce a janyo ƙofa, sai na janyo ban ƙarasa ba, na bar 'yar kafa. Na san bai kamata ba. Na leƙa.

Yana zaune a bakin gado, ya ba alƙibla baya, yana kallon bango. Dardumar na nan a naɗe a kan akwati. Jakar tana ajiye a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya rufe ta da tsumma. Carbi na hannunsa amma ba ya ja. Haka ya zauna daidai tsawon raka'a huɗu, kamar mai auna lokaci, sannan ya yi gyaran murya ya ce a buɗe ƙofa.

Abin da na ji a ranar tsoro ne, ba wani abu ba. Tsoho ne, ga hawan jini, ga aiki yana jiransa, kuma ba kowa ke shiga ɗakin tiyata ya fito ba. Na ce a raina, ashe mutum zai yi shekara saba'in yana gini, ya zo kan rufi ya sake? In Allah ya ɗauki ransa yau, a wane hali zai tafi? Ni kuma in tsoro ya kama ni faɗa nake yi, halina ne, har yau ban rabu da shi ba.

Na tura ƙofar na shiga. Tsakanin 'ya da uba akwai maganar da ba a yi, balle ta fitsari. Amma na durƙusa na ce, "Baba, ka yi salla?"

Ya dube ni. Baba bai iya ƙarya ba, ko ta tela. Ya kawar da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun Shika."

Da na yi shiru a nan da na kyauta. Sai bakina ya tsinke. Na ce shi da ya hana mu sakat a kan dunduniya, shi da yake tashinmu da ruwan sanyi da asuba, yau shi ne zai zauna yana kallon bango ana salla? Na ce me zan gaya wa 'ya'yana in sun ji? Na faɗi maganganu da yawa, wasu na manta, wasu ina roƙon Allah ya mantar da ni.

Ya bar ni sai da na gaji. Sannan ya sa ƙafa ya yaye tsumman nan, ya nuna mini jakar. Rabin ta cike.

Ya ce, "Uwata, dubi nan. In hakimi ya aiko kiranki, za ki je gabanshi riƙe da fo ɗin yaro a hannu?"

Na sunkuyar da kai.

"To hakimi ke nan, mutum irina. Ina alwala yana zuba. Ina kabbara yana zuba. In na yi sujada yana nan a gefena. Da wane fuskan zan tsaya?" Ya sake duban jakar. "In an cire zan rama. Duka zan rama."

Na ce, "In ba a kai ga cirewan ba fa?"

Ya mayar da tsumman ya rufe. A lokacin na gane ba raina salla ya yi ba, girmanta ne ya yi masa yawa. Na fito na tsaya a bayan ɗaki na yi kuka mai isata, ina jin kunyar abin da na faɗa.

Washegari na sa mijina ya je ya sami limamin unguwar, ya gaya masa a asirce. Limamin yaro ne a kan Baba, rigar da ya fara hawa mumbari da ita ma Baba ne ya ɗinka. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa kujera. Ina daga tsakar gida ina ji. Ya yi bayani da ladabi, ya ce addini bai zo don ya ƙuntata wa kowa ba. Wanda lalura ta kama, abin da ke fita ba da ikonsa ba ba ya ɓata masa alwala kamar yadda yake ɓata ta mai lafiya. Ya tsaftace abin da zai iya, in lokaci ya shiga ya yi alwala ya yi sallarsa, a tsaye in zai iya, in ba zai iya ba a zaune, in ba zai iya ba a kwance. Ya fara cewa, "Salla ba ta faɗuwa a kan bawa muddin..."

Baba ya ƙarasa masa, "Muddin hankalinshi na jikinshi. Na sani, Malam. Tun ba a haife ka ba na karanta wannan babin a zaure. Ni ma na sha gaya wa wasu."

"To, Baba?"

"Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara sani."

Aka yi addu'a aka shafa, liman ya tafi. Da magariba Inna ta ɗaga buta, ta dube ni, ta ajiye. Yayyena suka yi ta kira a waya, kowa da wa'azinsa, babban har da turo karatun malamai a saka masa ya ji. Baba ya saurara duka, ya yi godiya. Ilmi ba shi ne ya yi masa ƙaranci ba.

Ana haka har aka shiga mako na uku. Na rame, mijina ya ce ko ni ce mara lafiyar. A aji sai in tsinci kaina ina ƙirga sallolin a bayan littafin darasi, biyar, goma, sha biyar, kamar ni za a tambaya.

Wata Laraba Inna ta aike ni kasuwa in ɗauko wasu yadudduka na mutane da suka rage a rumfar, a mayar wa masu su. Ina cikin kokawa da kwaɗo sai na ji an ce, "'Yar Bazazzagi, ina tsohon naki? Ko ya ji daɗin kwanciya ne?"

Maƙwabcinsa ne na kasuwa, wani tsoho mai sayar da hatsi. Asalinsa Bakano ne, amma ya fi shekara hamsin a Zariya, gidansa na Zabi. Shi da Baba ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, irin wasan nan na Kanawa da Zage-zagi. Baba ya ce Bakano ko a lahira sai ya nemi inda zai kafa tebur, shi kuma ya ce Bazazzagi ko tuwo zai ci sai ya yi masa iyayi. Amma azahar da la'asar kafaɗa da kafaɗa suke yi a masallacin kasuwa, sahu ɗaya, shekara da shekaru. Ya zo dubiya tun muna asibiti, sau biyu.

Na gaishe shi na ce da sauƙi. Ya ce, "Sauƙin ne ya sa idonki ya faɗa haka?" Ban san lokacin da na zauna a kan buhun dawa na fara ba shi labari ba. Na tona asirin mahaifina a tsakiyar kasuwa, ga wanda ba ɗan'uwa ba. Ina faɗa ina jin haushin kaina, amma na kasa tsayawa.

Na zaci zai yi salati, ko ya yi dariya irin tasa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana wasa da ƙwayar masara a cikin mudu. Sannan ya ce, "Roba suka sa mishi? Da jaka?" Na ce e. Ya ce, "Gobe in an yi azahar ina nan zuwa. Ki ce wa uwarki ta dama fura, ba na shan ta Zage-zagi amma zan daure."

Na ɗauki uzuri a makaranta na zo da wuri. Ya iso da sandarsa, ya yi sallama, aka yi masa iso har ɗaki. Na kai fura da ruwa na ajiye, na fito, amma ban yi nisa ba. Na tsaya a jikin labule. Leƙe na biyu ke nan da na yi a rayuwata ban yi nadama ba.

Ya ce, "Bazazzagi, an ce ka yi ritaya."

Baba ya ce, "Daga ɗinki? Sai na ga bayanka."

"Daga salla."

Na ji Baba ya ja numfashi, na san ya gane daga inda maganar ta fito. Ya ce, "Alhaji, bar wannan maganan. Ba na wasa ba ne."

"Da wasa na zo da tsakar ranan nan tun daga kasuwa? Na san iyayinku, ku Zage-zagi. Kun yi wa sarakuna, kun yi wa malamai. Amma ban taɓa jin wanda ya yi wa Allah iyayi ba sai kai. Shi ya ɗora maka ciwon, shi ya ce ka zo a haka, kai ka ce a'a, sai ka yi wanka ka sa turare."

"Ba ka san abin da nake ciki ba."

"Ban sani ba?"

Sai na ga tsohon nan ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya tattare babbar rigarsa, ya ɗage 'yar cikin zuwa ƙugu. Na so in kawar da kai, ban kawar ba. A gefen cinyarsa, a kan wando, akwai wata 'yar jakar yadi ruwan toka, mai doguwar igiya da ya rataya ta kafaɗa ta cikin riga. Ya zuge bakinta kaɗan. Roba ce a ciki, da jaka irin ta Baba sak.

Ya ce, "Shekara uku da wata biyar. Ni nawa ba ya aikatuwa, sun ce zuciyata ba za ta ɗauka ba. Da shi za a binne ni." Ya saki rigar. "Shekara uku ina tsayawa a damanka, kafaɗata na gogar taka. Ka taɓa jin wari? Ka taɓa matsawa? Ranar da liman ya yi tafiya ka ja mu la'asar, wa ke bayanka? To tashi ka ce duk sallolin da na yi a gefenka banza ne. Faɗa mana, kai ne masani."

Idon Baba na kan wurin da jakar take.

Can ya ce, "Ɗago in gani."

Tsohon ya sake ɗage riga. Baba ya miƙa hannu ya kama jakar yadin, ya juya bakinta, ya bi ɗinkin da babban yatsa, yadda yake yi in an kawo masa aikin wani tela. Sai hannunsa ya tsaya.

"Wannan ai ɗinkina ne."

"To ɗinkin wa zai zama? Ina da wani tela ne? Na zo na ce ka yi min jakan zuba kuɗi mai dogon igiya saboda 'yan sane. Har ka ce Bakano ko makewayi zai shiga sai da asusunshi. Guda uku ka ɗinka min, ina wanke ɗaya ina sa ɗaya. Ko sisi ba ka karɓa ba."

Na ji wani sauti ya fito daga bakin Baba, na kasa gane dariya ce ko kuka. Ina jin duka biyun ne. Ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Abokin nasa ya koma ya zauna, ya ɗauki ludayi ya fara shan fura kamar ba abin da ya faru. Ya ce, "Ni ma sai da na yi kwana tara. Kwana tara ina kallon bango. Ba wanda ya sani sai matata. Rana ta goma na ce, kai, in na ƙi zuwa don ina da datti, to wurin wa zan je ya wanke ni?" Ya kurɓa. "Furan nan ba laifi. Kar ka gaya wa kowa na ce haka."

Ya nuna masa yadda yake yi, dalla-dalla, irin bayanin da liman ba zai iya ba don bai taɓa ɗauka ba. A juye jakar kafin lokaci ya shiga, a goge bakin, a sa ta cikin ta yadin, a ɗaure igiyar daidai yadda ba za ta ja ba in an yi ruku'u. In za a yi sujada a ɗan karkata gwiwar hagu. Baba na ji yana gyaɗa kai, har da tambaya.

Bayan ya tafi na ɗauka Baba zai kira ni ya wanke ni tas a kan tona masa asiri. Ya kira ni ɗin. Na shiga ina sunkuyar da kai.

Ya ce, "Uwata, cikin kayan da kika kwaso jiya akwai ragowan farin yadi. Kawo min, da almakashi, da allura. Zaren fari."

Kekensa na kasuwa, don haka da hannu ya yi. Ya sa tabarau, ya auna da ɗani, ya yanka. Ni na zura masa zare don idon allurar ya fi ƙarfinsa. Ina zaune ina kallon yatsun nan da suka yi kwana goma sha shida ba su taɓa ruwan alwala ba suna tafiya a kan yadi, ɗinki ƙanana a jere kamar na keke. Bai ce mini uffan ba, ni ma na kama bakina, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Yana cikin ƙulle igiyar aka kira la'asar.

Ya ce, "Fita ki janyo ƙofa." Gabana ya faɗi. Sai ya ƙara da cewa, "Ki ce wa uwarki ta miƙo min buta."

Inna na madafa. Da na gaya mata sai ta zubar da ruwan da ke ciki tun asuba, ta ɗauraye butar, ta cika ta da sabo, ta kai da kanta. Muka tsaya ni da ita a tsakar gida kamar marasa aikin yi. Muka ji ƙarar ruwa a cikin kwano. Muka ji ya kuskure baki sau uku. Da muka ji kabbara, a hankali, sai Inna ta zauna a bakin rijiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na shiga ɗakinta na yi tawa sallar, ban san me na karanta ba.

Kashegari da na zo na tarar da gwangwanaye biyu a kan akwatinsa, irin na madara da yake tara maɓallai a ciki. Ɗaya cike, ɗaya wayam. Ya ce ya ƙirga, tun daga azahar ɗin ranar da aka sa robar, salla tamanin da ɗaya ake binsa. Ya ware maɓalli tamanin da ɗaya. Duk wadda ya rama sai ya ɗauki ɗaya ya jefa a ɗaya gwangwanin. Na ce ya bi a hankali saboda jininsa. Ya ce, "A hankalin ne ya kawo ni nan." Wata rana ya rama biyar, wata rana goma, ranar da jiri ya dame shi biyu, a zaune. Inna ta ce daga madafa tana jin ƙarar maɓallin in ya faɗa, ƙwal, sai ta ce alhamdu lillahi.

Ranar Juma'a ta biyu ya sa babbar riga ya fita masallaci. Ba wanda zai dube shi ya ce akwai wani abu a ƙarƙashinta. Mijina da ya raka shi ya ce bai je wurinsa na da ba, ƙarshen sahu ya tsaya, jikin bango, kusa da ƙofa. Mutane suka yi ta matsa masa ya shigo gaba, ya ƙi. Har ya rasu a nan yake tsayawa, ko bayan an yi aikin an cire robar. Ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Ban kuma taɓa ba shi haƙuri a kan maganganun da na faɗa masa ba. Na yi niyya sau da yawa, in na buɗe baki sai kunya ta hana ni, shi kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Abin ya tsaya mini a rai. Tun ranar da na yi masa faɗan nan ya daina yi mini gyara a komai. In na yi magana ya ce to, in na kawo abinci ya ce an gode, kamar baƙuwa. Wannan ya fi mini zafi a kan zagi.

Wata Asabar na zo da yara. Na leƙa ɗakinsa in gaishe shi, ba ya ciki, sai na ga gwangwanin farko a kife a kan akwati, na biyun cike har baki. Yana waje, a inuwar bishiyar mangwaro, a kan kujerar nan 'yar tsugune. An kira azahar, ga tukunya na bari a wuta, ƙaramin ɗana na ta ja mini zane. Na ɗauki butar roba na tsuguna a bakin magudana, na yi alwalata fyaɗ-fyaɗ irin ta mai sauri. Na miƙe, na yarfe hannu, na kai hannu kan igiya zan ɗauki hijabi.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Dunduniyan hagu."

Yarana suka fashe da dariya, wai an kama Mama. Ina da shekara arba'in da ɗaya a lokacin, ni ke koya wa 'ya'yan mutane farillan alwala a aji. Na duba, wallahi a bushe take. Na koma na tsuguna, na zuba ruwa ina cuɗawa, hawaye na ɗiga a kan ƙafar, shi kuwa bai ɗauke ido ba sai da ya ga ruwa ya game ta.